Da A Ce Rasha Ta Bi Sawun Sin

Akwai wani irin zance da mutane su ke jin daɗinsa ƙwarai, tun ba bayan kaka ba, sa'ad da rumbu ya cika hankali ya kwanta. Shi ne zancen “da a ce”. Da a ce wane bai mutu ba, da garin nan ba haka ya ke ba. Da a ce hanyar mota ta biyo ta nan, da kasuwarmu ta shafe ta Dandume. Malamai sukan tsawata a kan yawan faɗinsa, kuma da gaskiyarsu, in dai don ƙin ƙaddara a ke yi. Amma akwai “da” irin ta manomi wanda ya tsaya bakin gonarsa ya ce, “Da na zuba taki kafin ruwan nan, da masarar ta fi haka.” Wannan ba jayayya da hukuncin Allah ya ke yi ba, shirin baɗi ya ke yi. Masana tarihi ma suna da tasu “da”, har littattafai a ke rubutawa a kanta. Ɗaya daga cikin irin waɗannan zantuttuka na ke so mu ɗora bisa sikeli, mu ga nauyinsa.

A Kuyello na ji shi, ran kasuwa, a rumfar wani mai awon hatsi. Wani malamin makaranta ne, saurayi mai son karatu da jin rediyo, ya ke ba mutane labarin duniya. Ya ce, “Ku dubi Sin da Rasha. Dukansu biyu mulkin gurguzu suka yi. Sin ta sakar wa manomanta mara tun 1978, ta bar jam'iyya riƙe da sarauta, ga ta nan ta yi arzikin da har Amurka ke shakkarta. Ita kuwa Rasha ta soma da sakin bakin mutane kafin ta cika musu ciki, sai ta watse a 1991. Da a ce Gorbachev ya bi sawun Sin, da Tarayyar Sobiyet tana nan daram.”

Wani tsoho da ke jiran a auna masa dawa ya ɗaga kai ya ce, “Malam, su manoman da za a sakar wa marar, suna nan kuwa?” Aka yi dariya, aka shiga wani zance. Ni kuwa tambayar nan ta tsaya mini a rai, don a ganina tsohon nan, wanda bai san inda Rasha ta ke ba, ya gano inda gizo ya ke saƙa.

Kafin mu yi nisa, bari mu san abin da a ke nufi da gurguzu wajen noma. Kowa a ƙasar nan ya san gandu. Maigida da ƙannensa da 'ya'yansa su yi noma wuri guda, amfani ya shiga rumbu guda, shi kuwa maigida ya ci da kowa, ya biya haraji, ya yi wa samari aure. Da yamma, ko ranar da aka ware, kowa ya nufi gayaunarsa, abin da ya samu can nasa ne. Ba sai na gaya wa mai karatu wadda ta fi shan noma mai kyau tsakanin gandu da gayauna ba. To, noman gurguzu gandu ne, amma da bambanci biyu. Na fari, maigidan ba ubanka ba ne, gwamnati ce, ita ke faɗin abin da za a shuka, da ranar shuka, da kuɗin da za ta sayi amfanin. Na biyu, ba ranar da za ka ce ka girma, a yankar maka gona ka kafa gidanka.

A Sin an tara gonakin mutane cikin irin wannan gandu a 1955 da 1956. A 1958 Mao Zedong ya haɗe gandayen ya mai da su manya-manya, har tuwo ma a tukunyar gari a ke tuƙawa. Abin da ya biyo baya yunwa ce, daga 1959 zuwa 1961, wadda ta kashe miliyoyin mutane masu yawa. Mao ya mutu a 1976. Ƙarshen 1978, a wani ƙauye da a ke kira Xiaogang, cikin lardin Anhui, magidanta 18 suka taru a ɓoye suka raba gonar gandu gida-gida. Suka rubuta takarda suka dangwala yatsa, bisa alkawarin kowa zai ba gwamnati rabonta ya riƙe saura, in kuwa aka kama shugabanninsu aka ɗaure, sauran za su riƙe musu 'ya'ya har su kai shekara 18. Kakar 1979 suka sami hatsi ninkin-ba-ninkin na bara. Babban lardin, Wan Li, ya tsaya musu, a 1980 kuma Deng Xiaoping ya nuna yardarsa. Kafin 1983 ta ƙare, fiye da gida tara cikin goma a ƙauyukan Sin sun koma noman kansu, ko da ya ke ƙasar ba ta zama mallakarsu ba, aro a ke ba su na shekaru. Hatsin da Sin ta noma a 1978 tan miliyan 305 ne, a 1984 ya kai tan miliyan 407.

Mai karatu ya lura da wanda ya fara. Ba Deng ne ya zauna a Bejin ya ƙago dabara ya aika wa ƙauye ba. Manoma ne suka sai da rai suka yi, ba ma a Xiaogang kaɗai ba, shi kuwa babban aikinsa shi ne bai hana ba. Har wa yau, ba rabon gona kaɗai ya kawo albarkar ba. A 1979 gwamnati ta ƙara kuɗin hatsin da ta ke karɓa da kashi 20 bisa ɗari, abin da manomi ya kawo bayan ya cika rabonsa kuwa ta daɗa masa wani kashi 50 bisa wancan. Manyan ma'aikatun takin zamani guda 13 da aka sayo daga waje tun Mao na da rai, daidai wannan lokaci suka soma aiki sosai. Ga kuma sabon irin shinkafa na Yuan Longping, wanda aka fara bazawa a 1976. Duk manomin masara a ƙasar Birnin Gwari ya san ko gonarka ce ta gado, in ba taki, kara za ka girbe. Masu zancen “da a ce” sukan tsallake taki da iri, su bar labarin dangwala yatsa kaɗai, don shi ya fi daɗin ji.

Yanzu mu kai tambayar tsohon nan Rasha. Mutumin Sin mai shekara 45 a 1978, ya yi noman gonar gidansu har ya wuce shekara 20 kafin a karɓe ta. Ya san iyakarta, ya san lokacin shuka ba sai an buga ƙararrawa ba, kayan aikinsa kuwa fartanya ce da sa, yana iya riƙe su shi da matarsa. Wajen mutum bakwai cikin goma na ma'aikatan Sin a lokacin manoma ne. Da aka sake su, watau an saki yawancin ƙasa ke nan.

Rasha fa? Can tun 1929 Stalin ya tilasta wa mutane shiga gandu, kuma ba da lalama ba. Manoman da suka fi ƙwazo, masu shanu da dawaki, su aka fara sa wa sunan maƙiyan talakawa, aka kwashe su zuwa Saiberiya da wasu wurare masu nisa, da yawa ba su komo ba. Mutane suka gwammace su yanka dabbobinsu su ci da su miƙa wa gandu, har shanun ƙasar suka ragu da kusan rabi kafin 1933. Yunwar 1932 da 1933 ta kashe miliyoyi, musamman a Yukren da Kazakistan. Shi kansa Gorbachev ɗan ƙauye ne, an haife shi a 1931 a ƙasar Stavropol, kakanninsa maza duka biyu an taɓa kama su a zamanin Stalin, ɗaya daga cikinsu don ya kasa cika shukar da aka yanka masa. Daga 1929 zuwa 1985, shekarar da Gorbachev ya hau, shekara 56 ke nan. Saurayi mai shekara 20 ranar da aka karɓe gonar ubansa, yanzu tsoho ne mai 76, in ma yaƙin Hitila ya bar shi da rai. Jikansa da ke gandu ba manomi ba ne irin wanda mu ka sani. Direban tarakta ne, ko mai tatsar shanu, ya zo aiki da agogo ya tashi da agogo, tun 1966 kuma albashinsa tabbatacce ne, ko an yi amfani ko ba a yi ba. Masu aikin gona duka ba su wuce biyu cikin goma na ma'aikatan ƙasar ba. Saura suna birni, cikin ma'aikatun gwamnati.

Wani zai ce, ai su ma suna da gayauna. Gaskiya ne, kuma hujja ce mai ƙarfi, ban ƙi ta ba. 'Yan filayen da aka bar wa mutane a bayan gida ba su wuce kashi 3 bisa ɗari na ƙasar da a ke shukawa ba, amma wajen rubu'in abin da noman ƙasar ya ke bayarwa daga cikinsu ya ke fitowa. Sai dai dankali ne da kayan lambu da ƙwai da nono da nama, yawanci mata da tsofaffi ke yi da hannu, abincin dabbobin kuwa sau da yawa daga gandu ya ke silalowa. Gonar alkama wadda ido ba ya ganin ƙarshenta, ba a raba ta da fartanya. In ka ba mutum eka ɗari can, dole ya koma wurin shugaban gandu neman tarakta da mai da taki, da motar kai amfani, da wurin ajiya. Ka sake shi, amma igiyar tana hannun wanda ka ƙwace wa shi.

Nan ne zancen malamin namu ya fi rauni, don abin da ya ke cewa da an yi, an gwada shi. Gorbachev ya riƙe sashen noma na jam'iyya tun 1978, ya san ciwon gandu sarai. A watan Mayu 1988 aka yi dokar da ta ba mutane ikon haɗa jari su buɗe sana'ar kansu. A shekarar nan ya yi kira a ba iyalai hayar gona har ta shekara 50, a 1989 kuma aka kafa dokar haya. Me ya faru? Kaɗan suka fito karɓa. Waɗanda suka fito, shugabannin gandu suka riƙa ba su ƙasar da ta gaji, maƙwabta kuma suka sa musu ido. Mutumin da ya ji yadda aka yi da kakansa don ya mallaki shanu biyu, ba ya gaggawar zama mai arzikin ƙauye don wani shugaba ya yi jawabi a Mosko.

Wani masanin tarihi Ba'amurke, Chris Miller, ya wallafa littafi a 2016 a kan wannan magana. Ya bincika takardun Rasha na lokacin, ya nuna masanan Mosko sun bi abin da Sin ta ke yi daki-daki, Gorbachev kuma ya ɗebi dabaru daga can. Abin da ya kā da shi, in ji Miller, manyan da ke cin moriyar tsohon tsari ne, watau shugabannin soja da ma'aikatun makamai, da masu riƙe da mai da kwal, da shugabannin gandaye. A Sin hargitsin da Mao ya tayar daga 1966 zuwa 1976 ya riga ya karya ƙarfin irin waɗannan manya, a Rasha kuwa sun yi shekara ashirin suna ƙiba ba mai taɓa su. Littafin ya amsa wa masu cewa da Gorbachev ya fito da soja, kamar yadda Deng ya yi a dandalin Tiananmen a watan Yuni 1989, da gyara ya tafi daidai. Wane soja? A dubi waɗanda suka nemi kifar da shi a watan Agusta 1991. Akwai Yazov, ministan tsaro, da Baklanov na ma'aikatun makamai, da Tizyakov na ƙungiyar masu riƙe da ma'aikatun gwamnati, da Starodubtsev, shugaban gandu kuma shugaban ƙungiyar manoma. Masu riƙe da sanda su ne ba sa son gyaran. Ba a aiken kura ta tsare akuya.

Na yarda da Miller a nan. Inda na ga ya gaza, idonsa yana kan ofisoshin Mosko ne fiye da ƙauye. Mai karanta shi yana iya zaton da an kau da manyan nan, shi ke nan manoma za su fito su yi ta noma kamar na Anhui. Tambayar tsohon Kuyello ba ta sami wurin da ya kamace ta cikin littafin ba.

Akwai kuma maganar burodi da mai. A 1962 gwamnatin Rasha ta ƙara kuɗin nama da man shanu, ma'aikata suka yi bore a garin Novocherkassk, soja suka harbe mutane. Tun daga ran nan shugabanni suka ji tsoron taɓa kuɗin abinci. Gwamnati ta saya da tsada wurin gandu ta sayar da araha a birni, har ya zama burodi ya fi hatsin dabbobi sauƙi, mutane suna ba aladu. Abin da ya kasa kuma a sayo daga Amurka da Kanada, tun ba daga 1972 ba. Da me a ke biya? Da kuɗin man fetur. A 1986 gangar mai ta faɗo daga kusan dala 30 zuwa kusan dala 10. Mu nan Nijeriya ba ma bukatar a ba mu labarin wannan faɗuwa, don ita ce ta jefa mu cikin shirin tsuke bakin aljihu na Janar Babangida a wannan shekara. Deng ya fara gyaransa da talakawan da ba su saba karɓar kome daga gwamnati ba, kowane kwabo da suka samu riba ne. Gorbachev ya fara nasa da aljihu a huje, da mutanen birni waɗanda duk gyaran da aka yi sai ya rage musu wani abin da suka saba samu. Ban da wannan, Tarayyar Sobiyet ƙasashe 15 ne aka ɗaure wuri guda, Rashawa wajen rabi ne kawai na jama'arta, wasu kuwa, kamar Lituweniya, ba zancen burodi su ke yi ba, fita su ke so.

Kada a ce na mai da malamin nan marar hankali. Abin da ya sa mutane ke son zancensa sananne ne. Bayan tarayyar ta watse a Disamba 1991, Yeltsin ya saki kuɗin kaya gaba ɗaya a Janairu 1992, abin da a ke saye rubul 1 a farkon shekarar ya koma wajen rubul 26 a ƙarshenta. Ajiyar tsofaffi ta zama takarda. Wanda ya ga wannan, ya ga Sin tana hawa a hankali, dole ya ce da ma. Amma in ana son “da” mai ƙafa, sai a matsa da ita baya. A 1921 Lenin ya daina ƙwace hatsi, ya mai da shi haraji, ya bar manomi ya sayar da saura a kasuwa, noma kuwa ya farfaɗo cikin 'yan shekaru. Bukharin ya so a ci gaba da haka, Stalin ya kā da shi, ya sa aka harbe shi a 1938. Nan akwai mararraba ta gaskiya, don akwai mutanen da suka ga hanya ta biyu suka nuna ta, manoman kuma suna nan.

Mararraba ta biyu ta fi ba ni tausayi. Wani ma'aikacin lissafi, Ivan Khudenko, ya sami izni ya gwada wata dabara a gonar gwamnati a Akchi, cikin Kazakistan. Ya raba ma'aikata ƙungiya-ƙungiya, ya ba kowace ƙungiya gona da injuna, ya ce ba mai ba ku umurni, abin da kuka samu shi ne ladanku. Mutane kaɗan suka noma abin da taro ya kasa, da kuɗi kaɗan. Maimakon a yi masa tukuici, a 1970 aka rufe gonar, don ta nuna yawancin masu ofis da masu sa ido ba su da aiki. Aka kama shi a 1972, ya mutu a kurkuku a 1974, daidai lokacin da kuɗin mai ya fara kwarara cikin baitulmalin Mosko. Da a lokacin aka yi gyara, akwai kuɗin da za a rarrashi mutanen birni da shi. Sai dai kuɗin nan ne kuma ya sa Brezhnev ya ga ba dalilin wahala. Ba a fafe gora ranar tafiya, su kuwa ranar tafiya ce ta same su a 1985.

Don mu tabbata magani ba ɗaya ba ne ga kowane ciwo, ba sai mun je nesa ba. Maƙwabciyarmu ta yamma ta taɓa yin mulkin gurguzu, da Hausawa a zangunanta na Faraku da Kandi da Kwatano suna gani da idonsu. Mathieu Kérékou ya ƙwace mulkin Dahomi ran 26 ga Oktoba 1972, ran 30 ga Nuwamba 1974 ya ce ƙasar ta bi tafarkin Marx da Lenin, shekara guda bayan haka ya sake mata suna Benin. Gwamnati ta karɓe bankuna da cinikin mai, ta kakkafa kamfanoni nata. An yi ta kiran ƙauyawa su haɗa gonaki, amma yawancin manoma ba su rabu da gonar gidansu ba. Da wani ya zo wa Kérékou da dabarar Xiaogang, da me zai raba? Ciwon Benin a birni ya ke. Kamfanonin gwamnati suna cin bashi ba sa biya, baitulmali kuwa ya dogara ga kuɗin fiton kayan da ke sauka Kwatano su silalo Nijeriya. Da Janar Buhari ya rufe kan iyaka a 1984, aka kuma bar ta rufe har 1986, abin ya taɓa su ƙwarai. A 1988 bankunan gwamnati suka durƙushe, mai ajiya ya kasa karɓar kuɗinsa, albashi ya yanke wata da watanni, malamai da ɗalibai suka yi yaji a 1989. A Disamba na shekarar Kérékou ya ajiye gurguzu, aka yi babban taron ƙasa a Kwatano a Fabrairu 1990, ya tsaya zaɓe a 1991 Nicéphore Soglo ya kā da shi, ya sauka. Ƙasashe uku, suna ɗaya, amma ciwo uku. Mai cewa “da sun yi kamar Sin” kamar mai magani ne da ya warkar da mai shawara, sai ya riƙa ɗirka wa mai karaya jiƙon nan.

Mu ma muna da tamu “da a ce”, kuma a rumfar nan ta Kuyello na sha jin ta. Dattawa kan ce, da ba a rushe hukumar sayen auduga ba, da noma bai lalace ba. Ba mu yi gurguzu ba, gonar kowa tasa ce, amma daga 1949 gyaɗa da auduga na fitarwa waje hukuma ce kaɗai ke saye, ta hannun wakilanta masu lasin, bisa kuɗin da ta yanka. A 1954 aka mai da ita ta Jihar Arewa, a 1977 aka raba ta hukuma-hukuma, ta auduga ta zauna nan kusa da mu a Funtuwa, a 1986 aka rushe su duka. Abin da dattawa ke tunawa gaskiya ne. Ana ba da irin auduga kyauta, ana tantance lamba ɗaya da lamba biyu a kasuwa, mutum ya san kuɗin da zai samu. Bayan 1986 iri ya cakuɗe, audugarmu ta zube daraja. Da jarin hukumar nan aka kafa masaƙar Kaduna a 1957, wadda ta rufe a 2002. Amma sun manta jarin daga ina ya fito. Daga bambancin abin da a ke ba manomi da abin da a ke sayarwa a Ingila ya fito, watau haraji ne na biyu wanda ba a ba da rasit. Sun kuma manta dalar gyaɗa ta Kano ta ɓace hukuma tana nan da ranta, bayan farin 1973 da cutar da ta cinye gyaɗa a 1975. Wanda ya ce da an bar hukuma, sai ya faɗi wacce, ta 1955 ko ta 1985, don ba ɗaya ba ne. Ni a ganina laifin 1986 ba rushewar ba ne, rushewa ne ba tare da an ajiye wanda zai riƙe iri da sikeli ba.

Da kasuwa ta fara watsewa na koma wurin tsohon na ce, “Baba, me ya sa ka yi wa Malam wannan tambaya?” Ya ce ba don Rasha ya yi ba. Ya ce shekarun da 'yan bindiga suka riƙe dajin nan, gonakinsa na nesa sun koma saura, na kusa ma sai an biya kafin a shuka, a kuma biya kafin a girbe. Jikokinsa maza uku suka tafi Kaduna, biyu suna acaɓa, ɗaya yana dako. A Nuwamba 2024, da Gwamna Uba Sani ya zo Birnin Gwari aka yi sulhu aka buɗe kasuwar shanu wadda ta yi shekaru a rufe, ya aika musu su komo. Ɗaya ne ya komo. Da suka je gonar, yaron bai san iyakarta ba, gambar da ke raba su da maƙwabci ta haɗe da daji, shi kuwa tsohon idonsa ya yi rauni. Sai da suka kira mutum biyu daga cikin tsofaffin unguwa suka bi kututture-kututture kafin aka gane. Ya ce yaron yana da ƙarfi, amma huɗarsa ba ta miƙe ba tukuna, kuma da yamma yakan zauna yana lissafin abin da da ya samu a kan babur.